Wa ya ci moriyar nasarar Oakland ta 2002?

A ranar 26 ga watan Satumban 2024 ne ƙungiyar wasan besbol ta Athletics ta buga wasanta na ƙarshe a birnin Oakland da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ta doke Texas Rangers da ci 3 da 2 a gaban 'yan kallo sama da dubu 46.

Wasan ya kawo ƙarshen zaman shekaru 57 da ƙungiyar ta yi a birnin. A shekarar 2025 ta koma wani ƙaramin fili a West Sacramento, mai ɗaukar kimanin mutum dubu 14 kacal, domin ta jira sabon filin da ake gina mata a Las Vegas, wanda aka tsara buɗewa a 2028.

Mai karatun da bai taɓa kallon besbol ba zai iya ganin kamar labarin bai shafe shi ba. To amma wannan ƙungiya ce, a kakar wasa ta 2002, ta fito da wani salon sayen 'yan wasa wanda ya bazu a duniyar wasanni, har ya kai ga manyan kulob na ƙwallon ƙafa a Ingila.

A waccan shekara Oakland ta kashe kimanin dala miliyan 40 wajen biyan albashin 'yan wasanta, yayin da New York Yankees ta kashe sama da dala miliyan 125. Da aka kammala kakar, kowacce daga cikinsu ta ci wasanni 103.

An rubuta littafi a kan wannan kaka, an shirya fim, kuma har yanzu ana kafa hujja da ita cewa dabara na iya rinjayar dukiya. Akwai gaskiya a cikin maganar. Sai dai duk wanda ya bi diddigin abin da ya biyo baya zai ga cewa ba mutanen Oakland ne suka ci moriyar wannan dabara ba.

Yadda ake wasan

Besbol ya ɗan yi kama da wasan kurket. Mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu kuma yana ƙoƙarin dukanta da gora ya ruga da gudu. Akwai zango huɗu a filin, kuma duk ɗan wasan da ya zagaye su ya dawo inda ya tashi ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Idan ƙwallon da aka buga ta tsallake katangar fili, mai bugun da duk abokansa da ke tsaye a kan zanguna za su zagayo su ci maki ba tare da wani ya tare su ba.

Babu agogon da ke ƙayyade tsawon wasan. Ana yin zagaye tara, kuma a kowane zagaye ƙungiya na ci gaba da bugu har sai an fitar da 'yan wasanta uku. Ke nan kowace ƙungiya na da dama 27 a wasa guda, da zarar sun ƙare, wasa ya tashi, sai dai idan an yi canjaras. Wannan batu ne ya zama ginshiƙin duk abin da Oakland ta yi.

Babbar gasar Amurka, wadda ake kira MLB, tana da ƙungiyoyi 30 da aka raba gida biyu, wato American League da National League. Kowace ƙungiya na buga wasanni 162 daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, sannan waɗanda suka yi zarra su kara a watan Oktoba domin fitar da zakara a gasar World Series.

Ba a faɗuwa daga gasar kamar yadda ake yi a Firimiyar Ingila, kuma babu dokar da ta ƙayyade abin da kulob zai kashe a kan albashi. Haka nan mai kulob na iya kwashe shi ya koma wani gari idan takwarorinsa suka amince.

Ficewar taurari uku

Oakland ta shiga shekarar 2002 da rauni. A 2001 ta ci wasanni 102, amma Yankees ta fitar da ita a zagayen farko na wasannin Oktoba, bayan da Oakland ta ci wasa biyun farko daga cikin biyar, aka kuma cinye ta a ukun da suka rage.

Ba a jima ba sai manyan 'yan wasanta uku da kwantiraginsu ya ƙare suka kama gabansu. Jason Giambi, wanda shi ne gwarzon American League na 2000, ya koma Yankees ɗin a kan dala miliyan 120 na tsawon shekaru bakwai. Johnny Damon ya tafi Boston Red Sox, shi kuwa Jason Isringhausen, mai jifan da ke rufe wasa, ya nufi St Louis.

Kuɗin da aka ba Giambi shi kaɗai ya ninka kasafin albashin Oakland na shekara sau uku. Masu kulob ɗin na lokacin, Steve Schott da Ken Hofmann, waɗanda suka saye shi a 1995, sun riga sun bayyana cewa ba za su riƙa zuba kuɗi suna asara ba, kamar yadda tsohon mai shi Walter Haas ya riƙa yi.

Yanayin da ake ciki a gasar ma ba mai ƙarfafa gwiwa ba ne. A watan Yulin 2000 wani kwamiti da shugaban gasar Bud Selig ya kafa, wanda ya ƙunshi tsohon shugaban babban bankin Amurka Paul Volcker da tsohon sanata George Mitchell, ya fitar da rahoto cewa giɓin da ke tsakanin kulob masu kuɗi da marasa shi ya yi faɗin da ƙananan ba sa iya gogayya. A watan Nuwamban 2001 masu kulob suka kaɗa ƙuri'ar rushe ƙungiyoyi biyu, kuma an fahimci cewa Minnesota Twins da Montreal Expos ake nufi.

Lissafin Billy Beane

Mutumin da alhakin cike gurbin taurarin ya rataya a wuyansa shi ne babban manajan kulob ɗin, Billy Beane. Tarihinsa na da alaƙa da matakin da ya ɗauka. A 1980 masu zaƙulo 'yan wasa sun yi ta kambama shi a matsayin tauraron gobe saboda tsayinsa da saurinsa da ƙirar jikinsa, har ya ajiye gurbin karatu a jami'ar Stanford ya sa hannu da New York Mets. Bai yi abin kirki ba a fili, kuma a 1990 ya ajiye gora ya koma aikin ofis. Ya fito daga wannan hali da yaƙinin cewa idon ƙwararru na yaudararsu.

Tunanin da ya dogara a kansa ba nasa ba ne. Wani mutum mai suna Bill James, wanda ke aikin gadin dare a wata masana'antar abincin gwangwani a jihar Kansas, shi ya fara buga ƙananan littattafai tun 1977 yana nazarin alƙaluman wasan, yana nuna cewa yawancin abin da masana suka yi imani da shi ba ya tsayawa idan aka auna shi. Shekara da shekaru manyan kulob ba su kula shi ba. Magabacin Beane, lauya Sandy Alderson, yana cikin ƙalilan da suka karanta shi, kuma shi ya dasa tunanin a Oakland. Daga baya Beane ya ɗauko Paul DePodesta, matashin da ya karanta tattalin arziki a jami'ar Harvard, ya zama mataimakinsa.

Abin da suka lura da shi mai sauƙi ne. Kasuwa tana biyan kuɗi masu yawa ga ɗan wasan da ke yawan dukan ƙwallo, ko mai gudu, ko mai kyan gani a fili. Amma tun da dama 27 ce kawai ƙungiya ke da ita, abin da ya fi muhimmanci shi ne ɗan wasa ya isa zangon farko ba tare da an fitar da shi ba, ko ta wace hanya.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce haƙuri. Idan mai jifa ya wurga ƙwallo huɗu da suka kauce wa hurumin bugu, mai bugun kuma ya ƙi kai musu duka, to zai wuce zangon farko kyauta. A wancan zamani ana ɗaukar wannan a matsayin kuskuren mai jifa, ba gwanintar mai bugu ba, don haka 'yan wasa masu irin wannan haƙuri suna da araha. Su Oakland ta shiga nema.

Ta ɗauko Scott Hatteberg, wanda a Boston shi ne mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, amma ciwon jijiya a gwiwar hannunsa ya hana shi jifa da ƙarfi. Ta ba shi dala dubu 950 na shekara guda, ta kuma koya masa tsaron zangon farko, wurin da bai saba ba, wato gurbin Giambi. Ta ɗauko David Justice, wanda ya kai shekara 36 a wannan kaka, ana kuma ganin ƙarfinsa ya ƙare. Tun kafin nan ta samo Chad Bradford, mai jifan da ke wurga ƙwallo daga ƙasa, hannunsa na kusan taɓa turɓaya, salon da ya sa wasu kulob suka raina shi.

Bugu da ƙari, ƙungiyar ta kusan daina wasu dabarun gargajiya, irin su satar zango da gudu, da sadaukar da mai bugu domin abokinsa ya matsa gaba, bisa hujjar cewa asarar dama ce.

Daga ƙasan tebur zuwa wasanni 20 a jere

Da farko abin bai yi kyau ba. Zuwa ranar 23 ga watan Mayu ƙungiyar ta ci wasanni 20, an cinye ta 26, kuma tazarar wasanni goma ce tsakaninta da Seattle Mariners da ke jan ragamar rukunin yamma. Beane ya mayar da wasu 'yan wasa ƙaramar gasa, ya sallama Jeremy Giambi, ƙanen Jason, ga Philadelphia, daga bisani kuma ya rabu da matashi Carlos Peña. Dangantaka tsakaninsa da koci Art Howe ta yi tsami, domin ba a saba ganin ofis na tsoma baki a kan wanda zai buga wasa ba.

Al'amura sun daidaita a watan Yuni, kuma a ƙarshen Yuli aka ƙaro Ray Durham daga Chicago White Sox da Ricardo Rincón daga Cleveland. Duk da haka, a ranar 12 ga Agusta Oakland na matsayi na uku a rukuninta, da nasara 68 da rashin nasara 51.

Washegari ta doke Toronto. Daga nan ba a sake cin ta ba har tsawon makonni uku.

Abin lura shi ne, ana cikin wannan jerin nasarori ne taƙaddama tsakanin masu kulob da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta kai maƙura. 'Yan wasan sun sa ranar 30 ga Agusta domin fara yajin aiki, a lokacin Oakland ta ci wasanni 15 a jere. Babbar hujjar masu kulob ita ce ƙananan ƙungiyoyi ba za su iya numfashi ba sai an taka wa albashi birki, ga shi kuma ɗaya daga cikin ƙungiyoyi uku mafiya ƙarancin albashi na cinye kowa. Selig ya riƙa bayyana nasarar Oakland a matsayin abin da ya saɓa wa al'ada, wanda ba za a gina hukunci a kansa ba. Sa'o'i kaɗan kafin cikar wa'adin aka cimma yarjejeniya, wadda ta ƙara yawan kuɗin da manyan kulob ke raba wa ƙanana, ta kuma sanya haraji a kan waɗanda albashinsu ya zarce wani mataki.

Wasanni ukun ƙarshe na jerin su ne magoya baya ba sa mantawa da su. A ranar 1 ga Satumba, Minnesota ta shiga gaba a zagaye na tara, sai Miguel Tejada ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, aka tashi 7 da 5. Washegari Kansas City Royals ta fara jan ragama da 5 da nema, Oakland ta rama, Tejada ya sake buga ƙwallon da ta raba gardama.

A daren 4 ga Satumba mutum 55,528 suka cika filin Coliseum. Kafin a gama zagaye na uku Oakland na da maki 11, Kansas City ba ta da ko ɗaya, har wasu sun fara shagali. Sai baƙin suka ci biyar a zagaye na huɗu, suka ƙara biyar a na takwas, suka cike na goma sha ɗaya a na tara. Fili ya yi tsit.

A nan ne Art Howe ya taso da Hatteberg daga benci. Mutumin da aka ɗauko a kan abin da bai kai dala miliyan ɗaya ba ya maka ƙwallon da Jason Grimsley ya jefo ta haye katanga, aka tashi 12 da 11. Wannan ce nasara ta 20 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin American League, domin a baya 19 ce ƙololuwa, wadda Chicago White Sox ta yi a 1906 da Yankees a 1947. Tarihin ya tsaya har 2017, lokacin da Cleveland ta ci 22.

Kwana biyu bayan nan Minnesota ta doke Oakland da ci 6 da nema. Amma aikin gama ya gama. Ƙungiyar ta kammala kakar da nasara 103 da rashin nasara 59, ta ɗara Anaheim Angels da wasanni huɗu, ta kuma ɗara abin da ita kanta ta samu a shekarar da take da Giambi da Damon.

Abin da labarin ya tsallake

Littafin Moneyball na Michael Lewis ya fito a 2003, fim ɗinsa kuma wanda Brad Pitt ya fito a matsayin Beane ya biyo baya a 2011. Dukkansu sun karkata ga Hatteberg da Bradford da ire-irensu, wato 'yan wasan da aka tsinto a bola suka zama zinariya. To amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

A 2001 Oakland ta ci maki 884. A 2002 makin ya sauka zuwa 800. Ma'ana sababbin 'yan wasan sun rage zafin rashin Giambi, amma ba su maye gurbinsa ba. Abin da ya ɗaga ƙungiyar shi ne hana abokan karawa cin maki, inda aka ci ta 654 kacal, kuma wannan aikin wasu matasan majefa ne su uku. Barry Zito ya ci wasanni 23, an cinye shi biyar, ya kuma karɓi kyautar Cy Young ta gwanin majefa. Mark Mulder ya ci 19, Tim Hudson 15. Jimilla 57, fiye da rabin nasarorin kakar.

A ɓangaren bugu kuwa, Tejada ne ya zama gwarzon American League, bayan da ya buga duka wasanni 162, ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 34, ya kuma shigo da maki 131. Eric Chavez shi ma ya tsallakar da 34.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan biyar da aka gano ta hanyar sabon lissafin. Tejada yaro ne daga garin Baní na Jamhuriyar Dominican da aka ɗauka a 1993 a kan 'yan kuɗi ƙalilan, kuma bai ma cika haƙurin da Beane ke so ba. Chavez an zaɓo shi a 1996, Hudson a 1997, Mulder a 1998, Zito a 1999. A tsarin Amurka na wancan lokacin ƙungiyoyin da suka fi rashin kataɓus su ke fara zaɓar matasa, kuma Oakland ta yi shekaru tana shan kashi a tsakiyar shekarun 1990, abin da ya ba ta damar ɗaukar Mulder a matsayi na biyu a faɗin ƙasar. Waɗanda suka ba da shawarar ɗaukar su kuwa su ne tsofaffin masu zaƙulo 'yan wasan da fim ɗin ya mayar abin dariya.

Akwai kuma batun dokar albashi. A besbol ɗan wasa ba ya da 'yancin sayar da kansa a kasuwa sai ya cika shekaru shida a babbar gasar, kuma a shekaru ukun farko kulob ne ke yanke masa abin da ya ga dama, muddin bai gaza mafi ƙarancin albashi ba, wanda a 2002 dala dubu 200 ne. Saboda haka babu ɗaya daga cikin majefan nan uku da albashinsa ya kai dala miliyan ɗaya a wannan kaka. Ana iya gane ainihin darajarsu daga abin da ya faru da suka samu 'yanci: Tejada ya koma Baltimore a ƙarshen 2003 a kan dala miliyan 72, Zito kuma ya tsallaka San Francisco a ƙarshen 2006 a kan miliyan 126.

Don haka babban sirrin arahar Oakland shi ne tana da taurari da doka ta ba ta damar biyan su ƙasa da ƙimarsu. Gwanintar Beane, wadda ba a musanta ta, ita ce ya kewaye su da 'yan wasa masu amfani a kan kuɗi kaɗan, ya kuma san lokacin da zai rabu da kowa.

Wani abin da ya shafa wa wannan zamani baƙin fenti shi ne shan ƙwayoyin ƙara kuzari, wanda ya zama ruwan dare a gasar kafin a fara gwaji mai tsanani. Sunan Tejada ya fito a rahoton binciken George Mitchell na 2007, kuma a 2009 ya amsa laifin ɓoye wa masu binciken majalisar dokokin Amurka gaskiya game da batun. Wannan matsala ce da ta shafi kusan kowane kulob, amma tana sa a yi taka-tsantsan da alƙaluman shekarun.

Oktoba

A zagayen farko na wasannin Oktoba Oakland ta haɗu da Minnesota Twins, ƙungiyar da aka so rushewa watanni kaɗan kafin nan, wadda ita ma kimanin dala miliyan 40 take kashewa, kuma ta hanyar gargajiya ta tara 'yan wasanta.

Oakland ta ci biyu daga cikin wasanni ukun farko, aka lallasa ta 11 da 2 a na huɗu, sannan a ranar 6 ga Oktoba ta faɗi a gida da ci 5 da 4. An soki shawarar ba Hudson wasa biyu, waɗanda duka aka rasa, alhali Zito sau ɗaya ya yi jifa. Kofin ya tafi hannun Anaheim Angels, wadda Oakland ta bari a baya a rukuninsu.

Shekaru huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2003, Oakland na faɗuwa a wasa na biyar na zagayen farko. Beane da kansa ya amince cewa tsarinsa na aiki ne a doguwar kaka mai wasanni 162, inda sa'a da rashinta ke cinye juna, amma a wasanni biyar komai na iya faruwa. Masu sukarsa ba su taɓa karɓar wannan uzuri ba. Rabon kulob ɗin da kofin World Series tun 1989.

Masu kuɗi sun ɗauki darasi

Wanda ya fara fahimtar abin da ya faru shi ne John Henry, attajirin da ya tara dukiyarsa ta hanyar lissafin kasuwar kayayyaki, ya kuma sayi Boston Red Sox a farkon 2002. Da kakar ta ƙare ya yi wa Beane tayin dala miliyan 12 da rabi na shekaru biyar. Beane ya amsa, sannan ya janye.

Henry bai tsaya ba. Ya ɗauki Bill James aiki a matsayin mai ba da shawara, ya naɗa Theo Epstein mai shekara 28 babban manaja, ya haɗa lissafin da kasafin da ya ninka na Oakland fiye da sau biyu. A 2004 Boston ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918, kuma Johnny Damon na cikin taurarinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Cikin 'yan shekaru farashin 'yan wasa masu haƙuri ya tashi, domin kowa ya gane amfaninsu. Kowane kulob ya buɗe sashen nazarin alƙaluma, kuma mafiya girman sassan suna hannun irin su Yankees da Los Angeles Dodgers, waɗanda ke iya ɗaukar ƙwararru da dama su kuma sayi na'urori. Ilimin da ya kasance makamin talaka ya zama wata hajar da mai kuɗi ya fi iya saya.

Daga nan salon ya tsallaka teku. A watan Oktoban 2010 kamfanin Henry ya sayi Liverpool a kan fam miliyan 300, ya kuma kafa sashen bincike ƙarƙashin Ian Graham, masanin kimiyyar lissafin halitta, wanda ya taka rawa wajen tantance 'yan wasan da za a saya. Liverpool ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2019, da na Firimiya a 2020 bayan shekaru 30. Brighton da Brentford, waɗanda suka hau Firimiya a 2017 da 2021, su suka fi kama da Oakland, domin suna sayen 'yan wasa da araha su sayar da tsada. Ta wannan hanya ce ɗan Najeriya Frank Onyeka ya bi, daga FC Ebedei zuwa Midtjylland ta Denmark, sannan Brentford a 2021, lokacin da mutum ɗaya, Matthew Benham, ke riƙe da kulob ɗin biyu na Turai.

Abin da ya rage wa Oakland

A gida kuwa, nasarar 2002 ta koya wa masu kulob wani darasi na daban, cewa ana iya cin wasa ba tare da kashe kuɗi ba. A watan Disamban 2004 aka sallama Hudson ga Atlanta, Mulder kuma ga St Louis, cikin kwanaki uku. Chavez ne kaɗai aka riƙe da dogon kwantiragi. A 2005 kulob ɗin ya koma hannun John Fisher, wanda iyayensa suka kafa kamfanin tufafi na Gap, tare da Lew Wolff, amma tsarin bai sauya ba: a reni matasa, su yi fice, a rabu da su kafin albashinsu ya tashi.

Ƙungiyar ta ci gaba da ba da mamaki jefi-jefi, ta kai wasannin Oktoba a 2006, da 2012 zuwa 2014, da 2018 zuwa 2020. Sai dai magoya baya sun gaji da sayen rigar ɗan wasan da zai tafi baɗi. Filin Coliseum ya tsufa, har ruwan masai ya taɓa malalowa ɗakunan 'yan wasa, kuma an shafe kusan shekaru 20 ana tattauna gina sabo ba tare da an cimma matsaya ba. Hukumomin kulob na cewa birnin ya ƙi ba da haɗin kai, magoya baya kuma na zargin cewa da gangan aka karya ƙungiyar aka kuma ƙara kuɗin tikiti domin a sami hujjar tafiya.

A farkon 2022 aka sake rabuwa da manyan 'yan wasa, kuma a ƙarshen shekarar Beane ya bar tafiyar da harkokin yau da kullum ya koma mai ba Fisher shawara. A 2023 ƙungiyar ta ci wasanni 50, aka cinye ta 112. A watan Yunin shekarar jihar Nevada ta amince da ba da dala miliyan 380 daga asusun jama'a domin gina fili a Las Vegas, a watan Nuwamba kuma dukkan masu kulob 30 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙaurar.

Wannan ne karo na uku da kulob ɗin ke sauya gari, domin a Philadelphia aka kafa shi a 1901, ya koma Kansas City a 1955, sannan Oakland a 1968. Kuma shi ne na ƙarshe cikin manyan ƙungiyoyi uku da birnin ya rasa a shekaru biyar, bayan Golden State Warriors ta ƙwallon kwando da ta koma San Francisco a 2019, da Raiders ta ƙwallon ƙafar Amurka da ta riga ta zuwa Las Vegas a 2020.

Tun da ta koma West Sacramento, ƙungiyar ta cire sunan gari daga sunanta. Athletics kawai ake kiranta.